Katakon da Aka Mayar Bayan Kujera

Ana idar da sallar Juma'a wayar komisariya, wato ofishin 'yan sandan Djougou, ta yi ƙara. Wata mota maƙare da doya ta gangaro ba kowa a ciki, ta bi ta kan wata tsohuwa a gindin gangaren da ke sauka zuwa ƙaramar gada.

Insifekta Abduljalil ya iso wurin tare da Birgadiye Housseina, 'yar sandar da take taimaka masa a bincike. Tsohuwar, Inna Hadjo mai sayar da cukun wagashi, rai ya riga ya yi halinsa. An lulluɓe ta da zane. Motar kuwa, tsohuwar akori-kura ce ta Fijo, irin wadda mutanen Djougou suke kira bashe, ta kafa hanci a jikin katanga, doya ta watse ko'ina.

Jama'a sun yi da'ira, sun sa wata mace a tsakiya. Gajera ce, fuskarta duk hawaye, amma kanta a ɗage yake.

"Motarki ce, Madam?" in ji Insifekta.

"Tawa ce, Shef. Sunana Munira. Daga Kolokondé na ɗauko doya zan kai Parakou, na tsaya gaida uwar mijina a can saman gangaren."

"Yaya kika ajiye ta?"

"Yadda ake ajiye mota. Hancinta na kallon ƙasa, don haka na sa mata giyar baya. Na ja birkin hannu. Na murɗe tayoyin gaba suka jingina da bakin kwalbati. Sannan na sa kal a gaban tayar baya."

Kal shi ne katakon da direbobi suke tokare taya da shi. Insifekta bai buƙaci a fassara masa ba, don a gidan direban babbar mota aka haife shi a unguwar Kpébié ta Parakou, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane hakan ko ba su tambaye shi ba.

"Ƙarya take yi!"

Wani ƙaton mutum ne ya ture jama'a ya fito, yana huci. Alhaji Daouda kenan, shugaban direbobin tashar da ke kusa.

"Da idona na gan ta, Shef. Ta diro ta shige gida abinta, ba kal ba komai. Mun sha faɗa, sitiyari ba aikin mata ba ne. Leƙa bayan kujera ka gani!"

Housseina ta leƙa. Ta zaro wani katako mai kusurwa uku, ya yi baƙi saboda tsufa, da igiya ɗaure a jikinsa. Jama'a suka ɗauki salati. Munira ta zuba wa katakon ido kamar yau ta fara ganinsa.

Insifekta ya sunkuya ya duba cikin motar da kansa. Makulli na jiki. Birkin hannu a sauke. Ya daɗe yana kallon sandar giya, sannan ya miƙe.

"Tafi da ita komisariya," ya ce wa Housseina. "Kada kowa ya taɓa ta a hanya."

Shi kuwa ya karɓi katakon, ya hau gangaren da ƙafa, a hankali, hannuwa a baya. An yi ruwa da safe, jar ƙasar tana da laushi. A tsakiyar gangaren ya tsaya. Tayoyin baya sun dirje ƙasa a wani wuri, sun saki, sun sake dirzawa can gaba kaɗan.

A ƙofar gidan da motar ta tsaya ya durƙusa. Ga sawun tayar gaba a karkace, ta goga bakin kwalbati har ta bar baƙin tabo. Can baya kuma ga wani ɗan rami mai kusurwa, inda nauyin mota ya danna wani abu cikin ƙasa. Ya ɗora katakon a kai, ya zauna daram.

Ya koma tasha ya sami Alhaji Daouda a kan benci yana ba yaransa labari.

"Alhaji, a ina kake tsaye lokacin da ka gan ta?"

"Nan, Shef. Nan wurin."

Insifekta ya zauna kusa da shi ya miƙa wuya. "Ni daga nan rumfar mai faci nake gani. Ko idonka yana shan kwana ne?"

Alhaji ya gyara hula. "To, na ga wucewarta dai."

"Wucewarta ka gani ko saukarta?"

"Shef, ai kowa ya san yadda mata suke..."

"Kowa bai ba ni shaida ba, kai ka ba ni. Da bakinka ka nemi tura mace kurkuku a kan abin da ba ka gani ba. Gobe da safe ina son ganinka a ofis, mu yi wannan maganar a rubuce."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Yaran tasha kowa ya sami abin kallo a wani gefen.

A komisariya, Munira na zaune a kan benci, ta ƙi ruwan da aka ba ta. Insifekta ya ajiye katakon a kan tebur.

"Wa ya koya miki mota?"

"Babana, Malam Usaini. Rabin direbobin Parakou a hannunsa suka fito. Shi ya sassaƙa wannan kal ɗin, ya ba ni ranar da na karɓi permi na tuƙi." Ta dubi Insifekta ido cikin ido. "Shef, in an ɗaure ni an ɗaure ni. Amma kada a rubuta cewa 'yar Malam Usaini ba ta iya ajiye mota a gangare ba. Yana nan da ransa, zai ji."

"Me ya sa kike ajiye ta tana kallon ƙasa?"

"Abin tayar da injin ya mutu, ko an murɗa makulli ba ta amsawa. Sai in sake ta ta ɗan gangara, in sa giya ta biyu, in saki kuloci, ta tashi."

"Giya ta biyu," in ji Insifekta. Ya dubi Housseina. "A ta biyu na same ta. Motar da ta kuɓuce don sakaci a firi ake samunta, ba a giya ba, ba ta sa wa kanta giya. Kuma an saki kuloci sau biyu a hanya, tayoyi sun rubuta a ƙasa. Wani ne ya nemi tayar da ita."

"Ba za ta tashi ba," Munira ta ce. "Akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera, yana yanke wuta, saboda ɓarayi. Ni da mijina kaɗai muka san da shi. In injin bai tashi ba kuwa, birkin ƙafa yakan yi tauri kamar dutse, ga lodi."

"Kin bar makulli a jiki?"

Ta buɗe jaka ta fito da nata, da ɗan carbi a maƙale.

"To na jikin motar fa?"

Ta kawar da kai. Sai da Housseina ta dafa kafaɗarta sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Mijina Rilwanu yana da ɗaya. Yana aiki a Kwatano. Ya bar shi a ɗakin mahaifiyarsa."

"Su wa ke shiga ɗakin?"

"Shef, gidan aurena ne. Ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na sani kawai, na sa kal."

Insifekta ya ji ta burge shi, bai kuma ɓoye ba. Ya ce wa Housseina a kawo mata shayi, ko ta ƙi a ajiye a gabanta.

A hanyarsu ta komawa gidan, Housseina ta ce, "Ba ɓarawo ba ne, Shef? Wataƙila satar makullin ya yi."

"Ɓarawo in ya zare kal, ƙafa yake sa masa ya ture shi cikin kwalbati. Wannan ya ɗauke shi, ya naɗe igiyar, ya mayar da shi bayan kujera, daidai mazauninsa. Wanda ya yi haka yana da niyyar dawo da motar, kuma ya sha ganin inda ake ajiye shi. Hannunsa ne ya yi aikin gida ba tare da ya yi shawara da kansa ba."

A zauren gidan suka tarar da ƙanen mijin Munira, Adnan, dogon saurayi mai son gayu. Yana sanye da riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallanta har wuya, ga shi ana zafi.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Masallaci, Shef."

"Wa ke gefenka a sahu?"

"Ban lura ba. Na makara, a waje na yi."

"Da wannan rigar ka je Juma'a?"

"Na... na sauya."

Housseina ta shiga cikin gida ta gaida tsohuwa, mahaifiyar Adnan. Ba ta daɗe ba ta fito riƙe da farar shadda da ta tsamo daga bokitin wanki. Gefen hagu ya yage, jar ƙasa ta kama shi daga kafaɗa har ƙasa.

"Daga babur na faɗi," Adnan ya yi saurin cewa.

"Babur ɗinka na can a jingine, ƙura ta rufe shi, tayarsa ba iska," in ji Housseina.

Insifekta ya jawo kujera ya zauna, ya sassauta murya kamar mai ba da haƙuri.

"Ni ban ga laifinka sosai ba. Ka saba da ƙananan motocin nan masu sauya giya da kansu. Bashe kuwa sai direba. Injin ya tashi, ta yi maka ƙarfi, ka rasa ina birki ina totur, ka tsorata ka yi tsalle. Wanda bai iya mota ba haka yake yi."

Fuskar Adnan ta sauya.

"Wa ya ce ban iya ba? Ba ta tashi ba! Sau biyu ina sakin kuloci a ta biyu, ta ƙi kamawa, na taka birki ya ƙi..."

Ya tsaya. Ya dubi Insifekta, ya dubi Housseina, sai ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

"Ina za ka da ita?" Insifekta ya tambaya.

"Partago." Yana kuka yanzu. "Akwai yarinyar da nake nema. Na ce wa iyayenta motar tawa ce, Yaya Munira aro take yi. Suka ce in zo musu da ita su gani. Na ce kafin a sauko daga masallaci, ita kuma tana hira da mahaifiyata, na je na dawo. Wallahi ban ga tsohuwar ba, Shef, sai da na diro."

"Da ka diro ka gan ta. Ka kuma ga an kewaye matar yayanka ana zaginta. Sai ka zo ka sauya riga."

Housseina ta sa wa Adnan ankwa. Daga cikin gida aka ji tsohuwa ta fashe da salati, ba wanda ya iya shiga ya ba ta haƙuri.

Kafin la'asar ta yi sanyi labari ya gama gari. Da aka shigo da Adnan komisariya, Munira ta miƙe tsaye. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, ki yafe mini."

"Nawa mai sauƙi ne, Adnan. Inna Hadjo fa? Da ka tambaye ni, da ni da kaina zan kai ka Partago, in ce musu taka ce."

Aka wuce da shi ciki.

Insifekta ya fito da ita har bakin ƙofa. Direbobin tasha sun taru a waje, Alhaji Daouda na can baya yana wasa da carbi. Insifekta ya ɗaga murya yadda na ƙarshensu zai ji.

"Na binciki wurin da kaina. Giyar baya, birkin hannu, taya a jikin kwalbati, kal a ƙasa. Babana ya yi shekaru yana jan babbar mota, ban ga ya ajiye ta fiye da haka ba. Duk mai wata magana ya shigo ciki ya faɗa mini."

Ba wanda ya motsa.

Munira ta goge ido da gefen mayafi. "Shef, zan je gidan Inna Hadjo in yi ta'aziyya. Motata ce ta kashe ta, ko ba ni a ciki." Ta ɗago ta dube shi. "Kal ɗina fa?"

"Shaida ne yanzu. Sai alƙali ya gama da shi."

"To a kula mini da shi."

"A kan teburina zai zauna."

Ta ciro waya daga jaka, ta danna, ta kai kunne. Muryarta ta fita sarai.

"Baba, ni ce. Za ka ji magana daga Djougou, mara daɗi. Kafin kowa ya faɗa maka, ka ji daga bakina: na sa kal."