An Sace Mai Farin Kai

Kukan 'ya'yan ne ya fara gaya wa Lalla Haduj cewa ba lafiya. Ta fito da safe da kwanon hanjin kaza a hannu, sai ta jiyo shi daga bayan gida, siriri, ba ƙaƙƙautawa. Ta zare sakata ta ɗaga murfin akwatin. 'Ya'ya biyar na nan suna mutsu-mutsu cikin tsumma, ko ido ba su buɗe ba. Uwar ce babu.

"Innalillahi! Gamra!" Ta ƙwala kira, ko da yake ita kanta ta san kiran banza take yi.

A ƙauyukan da ke kewaye da Wazzan, kusan kowane mafarauci na da nimsi, 'yar dabbar nan mai dogon jiki kamar tunku, da ake zurawa cikin ramin zomo ta koro shi zuwa raga. Yawancinsu iri biyu ne: ko baƙi mai zane a fuska, ko fari fat mai jan ido. Gamra kuwa daban take, jiki baƙi, kai fari tas har wuya, ido baƙi wuluk. Marigayi mijin Haduj ne ya samo kakarta a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tanja, ya yi ta lallaɓa irin har ya rasu. Duk zuriyar ta ƙare sai Gamra da waɗannan biyar ɗin.

Ta jiƙa tsumma da madarar akuya ta kai musu baki, suka ƙi. Jikinsu ya fara sanyi. Ta san in rana ta faɗi ba su sha nonon uwa ba, sai dai a haƙa rami. Ta zuba su cikin hular ulu, ta cusa a ƙirji ƙarƙashin riga, ta kira Allal, jandarman nan ɗan ƙawarta.

"Inna, yanzu jandarma guda za ki taso a kan ɓera?" in ji Allal yana sauka daga mota.

"Ɓeran nan ya fi ka amfani. Zo ka duba, sarkin surutu."

Ya durƙusa. Wayar akwatin ba ta yanke ba, katako bai karye ba. "Yaya kika tarar da sakatar?"

"A rufe."

"To dabba ba ta fita ta rufe ƙofa." Ya nuna ɗigon jini busasshe a gefen murfin. "Kuma ta bar wa ɓarawon shaida. Wa ya taɓa neman ta?"

Mutum uku ta lissafa: wani ɗan kasuwa daga Tanja mai sayen masu baƙuwar kala, da Bushta mafarauci, da Layashi ƙanen mijinta. Ɗan kasuwar bai ɓata musu lokaci ba, Allal ya buga waya aka tabbatar yana kwance asibiti tun makon jiya da karayar ƙafa.

Suka tarar da Bushta yana gyaran raga a ƙofar gida.

"Ka taya Gamra?" in ji Allal.

"Na taya, aka wanke ni tas, na haƙura. Ko ba haka aka yi ba, Lalla?"

"Miƙo hannuwanka," in ji Allal.

Hannuwa duk tabon cizo, amma tsofaffi, babu sabo ko ɗaya. Ya buɗe musu akwatunansa, farare ne zalla masu jan ido.

"Sha'awa ce kawai ta sa na taya," in ji shi. "Wajen aiki fari nake so, in ya ɓullo cikin ciyawa ka hango shi. Shi ya sa bara da ciwo ya share na Layashi kaf, wajena ya zo ya ɗauki biyu, mace da namiji."

Haduj ta kasa kunne. Hannunta na kan ƙirji. Kukan ya ragu, kuma raguwar ta fi kukan tayar mata da hankali.

Layashi ya tarbe su da fara'a har ta yi yawa. "Matar yaya! Si Allal! Bismillah, ku zauna." Aka kawo shayi da na'ana'a a kan faranti, da burodi da man zaitun. Yatsunsa biyu na naɗe da ƙyalle.

"Me ya sami hannun?" in ji Allal.

"Lauje."

"Lauje a wannan watan? Me ake yanka?"

"Ciyawar akuya, ranka ya daɗe. Ko ita ma sai an nemi izini?"

"Mu ga dabbobin."

Uku ne cikin babban akwati: farare biyu masu jan ido, da wata baƙa tun daga hanci har wutsiya. Haduj ta leƙa. Babu farin kai. Wayyo, rana ta kusa tsaka, ga shi sun zo ƙarshen mutanen da ta sani.

"Wannan ai nono gare ta," in ji Allal.

"Ta haihu ta cinye 'ya'yan, 'yar banza. Sukan yi haka."

"Ina ka samo ta?"

"Haifaffiyar gida ce. 'Yar waɗannan fararen."

Haduj, da har ta juya za ta fita, ta tsaya cak. "Layashi, wa ka ce ya haife ta?"

"Su biyun nan mana."

"Ba ka haɗa da wani namijin ba?"

"Ina na gan shi? Su kaɗai gare ni."

"To ƙarya kake." Ta nuna fararen. "Baƙi biyu na iya haifar fari, in kowanensu na ɗauke da farin a ɓoye daga kakanni. Amma fari mai jan ido ba shi da baƙin da zai ba ɗa. Ka haɗa su shekara ɗari, fari za su yi ta zubo maka."

Layashi ya yi dariyar yaƙe. "Ikon Allah kike musu, matar yaya?"

Allal ya matso kusa da ita ya rage murya. "Inna, na ji, amma wannan magana ce kawai. Taki farin kai gare ta, wannan kuwa baƙa ce."

Haduj ta koma ta kwashe kofuna daga kan farantin ƙarfen. Ta zagaya ta bayan akwatin, inda dabbobin ba sa ganinta, ta ɗaga murfin tukunya ta maka wa farantin. Ƙau! Allal kansa sai da ya zabura. Fararen suka yi tsalle suka dunƙule a lungu suna huci. Baƙar kuwa ruwanta take lasa, ko kunne ba ta girgiza ba.

Sai Haduj ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa katakon a hankali. Nan take baƙar ta ɗago, ta shinshina, ta taho da gudu tana kama waya.

"Kurma ce," in ji Haduj tana kallon Layashi. "Tun ranar da aka haife ta. Yawancin masu farin kai haka suke. Abin da ke kai launi ga gashi tun a ciki, shi ke gyara can cikin kunne, in bai isa kai ba, sau da yawa kunnen ma ya rasa. Yayanka ya ɓoye, don kada mafarauta su yi masa dariya. Da ka sani, da ka taɓa katako kafin ka sa hannu, da ba ta cije ka ba."

Allal ya dangwali man zaitun da ƙyalle ya goga a ƙeyar dabbar. Ƙyallen ya fito baƙi da ja-ja. Ya buɗa gashin, gindinsa fari tas. Ya shinshina.

"Lalle da baƙin rinin gashi. Na uwargida ne, Si Layashi? Kwance hannun nan."

Ramukan haƙora huɗu ne, ga farce duk jan lalle. Layashi ya zauna daɓas a kan dakali.

"Na yayana ne," in ji shi, kansa a ƙasa. "Irin gidanmu ne. Aka raba gado ba wanda ya ce mini ga naka. Na ce in ɓoye ta har ta sake gashi da kaka, lokacin an manta."

"'Ya'yan fa?" in ji Allal.

"Kukansu zai tona ni. Na ɗauka za ta ba su madara."

Haduj ba ta ko kalle shi ba. Ta sa aka fitar da fararen, ta zaro hular daga ƙirji, ta juye 'ya'yan a hankali kan tsumma. Tsoro ya kama ta sosai, don uwar da aka firgita takan juya ta cinye nata, ga warin lalle ya cika mata hanci, ga shi ba ta jin kukansu. Gamra ta zo ta tsaya a kansu. Ta shinshina na farko, ta buɗe baki ta kama wuyansa. Haduj ta runtse ido.

"Inna, duba," in ji Allal.

Lungu Gamra ta kai shi. Ta dawo ta kwashe sauran ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta ta naɗe su. Huɗu suka lalubi nono suka kama. Ƙaramin cikinsu bai motsa ba. Gamra ta tura shi da hanci, ta lashe shi, ta sake turawa. Haduj ta ƙwanƙwasa katako, ta sa hannu ta ɗauko shi. Ya riga ya sandare.

Ta taka har gaban Layashi, ta kamo hannun nan mai ciwo, ta buɗe tafin, ta ɗora masa.

"Ga rabonka na gado," in ji ta.