Kira a Yankakkiyar Waya

Da la'asar sakaliya shef, shugabansu a wurin aiki, ya tura Mai Nasara hanyar Takieta. Layin da ke kai intanet wani biro, wato ofis, ya cika da ƙarar shuu, an rasa dalili. Aikinsa ke nan: ya hau poto, wato turken waya, ya maƙala na'urar awo, ya gano inda ƙarar take shiga.

Poto na bakwai yana jikin wata tsohuwar tsamiya. Rana ta yi ja. Mai hankali gida yake nufa a irin wannan lokaci, amma shi ya jingine motonsa mai ƙafa biyu, ya hau poton.

Ya buɗe akwatin wayoyi. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya buge shi. Na'ura ta nuna ƙara har ƙarshen ma'auni, alhali babu wayar lantarki kusa. Ya maƙala wayar gwaji, ya kira abokin aikinsa a santiral, cibiyar da layukan ke haɗuwa.

"Isma'ila, kana jina?"

"Da ƙyar, mutumina. Sauko haka nan, magariba ta kawo kai. Tsamiyar nan ba ta kakarka ba ce."

"Matsoraci. Yanke layin daga can, in saurare shi shi kaɗai."

Isma'ila ya yanke. Mai Nasara ma ya cire ɗaya ɓangaren. Yanzu wayar ba ta haɗe da kowa.

Shuu ɗin bai tsaya ba. A ƙarƙashinsa akwai daka, luguden taɓarya can nesa. Sai numfashi.

"Ɗanƙarami."

Mahaifiyarsa kaɗai ke kiransa haka, kuma shekararta tara a ƙasa.

Kowane ɗan Damagaram ya sani: kiran almuru, in ba ka ga mai shi ba, ba a amsawa. Amma shekara ashirin ya yi yana amsa waya kafin ya yi tunani. Baki ya riga shi.

"Na'am."

Dakan ya tsaya.

Tsuntsayen tsamiya suka yi tsit.

"To, sauko," in ji muryar a hankali. Ba a cikin waya ba. Daga gindin poto.

Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu. Ya fara ja.

Bakinsa ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya kwance ɗamarar da ta riƙe shi, ya faɗo ta ɗaya gefen. Ya bar takalmi, ya bar na'ura. Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun gari.

Wata guda ya yi kwance yana shan rubutu. Ya tashi, amma ƙafar ta shanye, bai sake hawan poto ba. Har yau ko 'ya'yan cikinsa, in suna son ya amsa musu, sai sun zagayo gabansa ya ga fuskarsu.