Fitilar Ɗan Jingina

Rana ta riga ta sauka bayan katanga, amma ba a kira magariba ba tukuna. Umma tana kwashe shanya daga igiya, hankalinta na kan tukunyar da ta bari a wuta. Maigidan direban babbar mota ne, yana kan hanya kamar kullum. Su uku ne a gidan: ita, da ɗanta na fari da kowa ke kira Yaya, da Auta wadda ba ta daɗe da gama sakandare ba.

Tsakuwar farko a kan rufin sito ta faɗo. Umma ta ce a ranta yaran maƙwabta ne. Ta biyu ta faɗo cikin kwandon wanki, da ta ɗauke ta sai ta ji ta da sanyi da laima kamar daga rijiya aka tsamo ta. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, ko tsuntsu.

"Auta, shigo ciki ki turo ƙofa," ta ce, ba ta san abin da ya sa ta rage murya ba.

Shi wannan sito, a cikinsa Yaya ya kafa teburinsa, tsakanin buhunan hatsi da tsohon keken ɗinki. Da rana yana aiki a shagon buga takardu, da yamma kuwa sai zane. Labari yake zanawa gida-gida, kowane gida da hotonsa da maganar mutanen ciki. Jaruminsa shi ne Ɗan Jingina, wanda tun yana ciki ubansa ya jinginar da ransa ga Shaiɗan. Duk mutumin da ya ceta, sai inuwarsa ta ragu, ranar da ta ƙare kuwa Shaiɗan zai zo ya karɓi kayansa. Shi kuma ba ya iya ganin mutum cikin halaka ya wuce. Ƙanwarsa ce ke fid da shi. Duk sanda Shaiɗan ya zo awo, sai ta durƙusa ta ajiye fitila a ƙasa a bayan yayanta, inuwar ta miƙe har bango, Shaiɗan ya naɗe igiyar awonsa ya koma yana cizon yatsa.

Umma ba ta taɓa son labarin ba. "Ni fa ba na son kiran sunan nan a gidana, ko da wasa," takan ce.

"Haba Umma, ai kullum kaye yake sha," in ji Yaya.

Jarumin fuskar Yaya gare shi. Ƙanwar kuwa Auta ce sak, har da wushiryarta. Fuskar Shaiɗan ce ta ba shi wuya, sai wata rana ya lura da wani tabon danshi a bangon da ke saman teburinsa, dogo, mai kama da fuska, ido ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Ya kwafe shi, ya ƙara masa ƙaho. Auta ce ke cike wuraren baƙi da tawada, kuma kowace yamma a cikin siton yake karanta mata sabon shafi, tana tafi tana ihu idan Ɗan Jingina ya sha.

Haka suke har Yaya ya samu wadda zai aura, wata ma'aikaciyar jinya. Ba a daɗe ba wata yarinya ta ɓullo a cikin labarin da fuskarta. Da aka ƙara shafi, sai ga fitila a hannunta.

"Yaya, ni kuma ina nake?" Auta ta tambaya.

"Kina gida kina wanke-wanke, sarkin kishi."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta wanke burushinta ta ajiye, ba ta sake taɓa tawada ba.

Bayan haka ne jifan ya fara. Kullum sai rana ta yi ja, tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da lokaci. Daga baya aka soma jin murya a cikin sito alhali yana kulle, ƙasa-ƙasa, kamar mai karatu yana bin layi da yatsa. Auta ta daina cin abinci. Sai a neme ta a rasa, a same ta zaune a siton, ta juya wa ƙofa baya, tana kallon bango.

Abin da ya karya wa Umma zuciya kuwa, ranar da aka ɗauke wuta ta gan shi. Ta kunna fitila ta ɗora a kan tabarma. Inuwarta ta hau bango, ta Auta ma haka. Ta Yaya kuwa a gindin ƙafarsa ta tsaya, guntuwa kamar ta yaro mai rarrafe. Ta matsar da fitilar. Ta sake matsarwa. Inuwar ba ta ƙaru ba. Sai a lokacin ta lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da yadda yake haki in ya ɗauko bokitin ruwa.

Ta kira maigidan a waya ta faɗa masa. Ya ce gajiya ce, ta yi addu'a, yana nan tafe. Tana ajiye wayar sai Auta ta juyo, ta buɗe baki, wata murya mai kauri wadda ba tata ba ta fito.

"A ce masa ya ƙarasa zanen."

Washegari da la'asar sakaliya Yaya ya zo da wani malami dattijo da aka sani da ruƙiyya. Malam ya ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar sito. Umma ta riƙe kan Auta a cinyarta, ta lulluɓe ta da mayafi. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Tsakuwa ta sauka a rufi, ta sake sauka, sannan jifan ya tsaya cak. Jikin Auta ya sandare, yatsunta suka lanƙwashe.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tambayi ɓarawon nan. Shi ya san fuskata."

Yaya ya dubi tabon bangon sito, ya zauna a ƙasa.

"Tun ba a ɗora bulo a nan ba nake zaune," muryar ta ci gaba. "Ban taɓa kowa ba. Sai ya sace mini fuska ya ba Shaiɗan, har da ƙaho. Ni na yi kama da mai ƙaho? Kullum a gabana ake karantawa. A yi wa Ɗan Jingina tafi, ni a yi mini dariya. Shi kyakkyawa, shi mai ƙanwa, shi ake tsoron kada ya mutu."

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Ban fasa ƙofa ba, a buɗe na same ta. Ita ta zo ta jingina goshi da bangona tana kuka, tana cewa tunda an ƙwace mata fitila, Shaiɗan ya ci mana. Na ce ashe mu biyu ne."

Umma ta runtse ido, hawayenta na ɗiga a kan mayafin.

"Me kake so?" Malam ya tambaya.

"Shafin ƙarshe. Ya zana inuwar ta ƙare, ya zana ni na karɓi ransa. Sai in sakar muku ita."

Umma ta dubi ƙasa. Ɗan hasken da ya rage ya shimfiɗa inuwar Malam har bakin ƙofa. Ta ɗanta kuwa ko tafin hannu ba ta kai ba. Ta gane abin da ake nema.

"Allah gafarta Malam," ta ce da ƙyar, "duka biyun ni na haife su."

"Yi shiru, baiwar Allah." Ya juya ga yarinyar. "Kai, saurara. Fuskarka haƙƙinka ce, an zalunce ka, za a mayar maka. Rai kuwa ba naka ba ne, ba na mai zane ba ne. Da bakinka ka ce kai ba Shaiɗan ba ne. To me ya kai ka karɓar masa jingina?"

Muryar ta ce, "To ya mayar da ni jarumin."

"A'a."

"Ya ba ni ko gida ɗaya, ba ƙaho."

"Ko ɗigo. Ka fita, ko in ci gaba daga inda na tsaya."

Malam ya buɗe baki zai ɗora karatu. Auta ta yi wani nishi mai tsawo, da muryar ta dawo kuwa ta yi laushi, kamar ta yaron da aka hana shiga wasa.

"Tun farkonsa nake saurare. Ku bari in ji ƙarshen."

Malam ya dubi Yaya. "Faɗa masa. Daga nan ya tafi, ba dawowa. Kai kuma mai bango, ka yi alkawari?"

"Na yi," in ji muryar.

Yaya bai riga ya shirya ƙarshe ba. Ya matso ya kama hannun ƙanwarsa mai sanyi, ya fara. Ya ce Ɗan Jingina ya ceci mutum na ƙarshe, inuwarsa ta shige ƙarƙashin takalminsa. Shaiɗan ya zo da igiyarsa yana murmushi. Sabuwar yarinyar ta ɗaga fitila sama, don ba ta san yadda ake yi ba, ba a taɓa koya mata ba. Sai ga ƙanwar ta shigo a guje, hannunta duk kumfar wanke-wanke, ta karɓe fitilar ta durƙusa ta dire ta a ƙasa. Inuwar ta miƙe, ta haye bango, ta wuce rufi, har igiyar awon ta ƙare ba ta kai ƙarshenta ba.

Hawaye ya gangaro daga idon Auta, kuma Umma ta san wannan hawayen na 'yarta ne.

"Ni ba wanda ya taɓa riƙe mini fitila," muryar ta ce, can ƙasa.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Daga nesa aka ɗaga kiran magariba. Ta buɗe ido ta ga yayanta.

"Yaya, yunwa nake ji."

"Tashi ki ci, sarkin kishi," ya ce, yana share fuska da hannun riga.

A daren ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da farin fenti, ya shafe fuskar daga kowane gida. Har yau Shaiɗan ɗin littafin ba shi da fuska, ƙaho ne kawai da fari fat a tsakani. Tabon bango ya bushe da kansa. Da maigidan ya dawo aka ba shi labari, ya ce ai dama ya faɗa addu'a ce magani.

Wata yamma yaran sun fita, Umma ta shiga sito ɗebo hatsi, ta ga littafin a kan tebur. Ta goge hannu a zani ta buɗe. Ga Yaya, ga Auta da wushiryarta, ga amaryar gobe. Ga uban da ya yi jinginar ma an ba shi gida biyu. Har mai sayar da gawayi na bakin titi ta gane. Ta bi shi tun daga farko har ƙarshe, ta sake dawowa a hankali, tana duba har mutanen da ke tsaye a baya cikin taro.

Ɗan Jingina ba shi da uwa.

Ta rufe littafin ta mayar daidai yadda ta same shi. Ba ta ce wa kowa komai ba. Amma har yanzu, duk ranar da aka ɗauke wuta, ita ke riga kowa ɗaukar fitila. Sai ta zagaya bayan ɗanta ta ajiye ta a ƙasa, ta tsaya tana kallon bango.