Sanatu da Direban Tifa

Iddrisu ya juya bayan tifarsa a bakin rafin da ya raba Nima da Maamobi, ya fara zazzage ɓaraguzan siminti da gangunan baƙin mai, sai kawai gilashin motar ya tarwatse masa a fuska. Ya diro jini na bin girarsa, ya tarar da wata doguwar yarinya riƙe da dutse na biyu.

"Ke, kin haukace ne?"

"Zo ka gani," in ji ta, ko gezau.

Ta kai shi lambun mahaifinta. Latas ya ƙone, albasa ta ruɓe, ƙananan kifaye sun taso matattu a kan ruwan. Lokacin an samu 'yancin kai, gine-gine na ta tashi a Accra, dattinsu kuwa unguwannin Zango irin waɗannan ake kawo wa.

"Ruwan da muke sha ke nan," ta ce. "Sunana Sanatu. In ka dawo gobe, ba gilashi zan auna ba."

Ya dawo kuwa, amma a ƙasa, da filasta a goshi. Ya tuɓe riga ya shiga rafin yana mirgino gangunan waje. Tun tana harararsa har ta fara ajiye masa dokunu, tuwon masara mai tsami, da kifi a gindin mangwaro.

"Zakanyata," ya ce mata wata rana, "in na bar zuba datti, za ki bar ni in zo gida?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Direbana, fara barin tukuna."

Ya yi mata alkawari. Amma da ya je gaida mahaifinta, Malam Issah, tsohon ya miƙe da fartanya a hannu.

"Kai da ka kashe mini lambu, yanzu 'yata kake so? Fita!"

Ɗanbala, helima mai kula da ma'aikata a kamfanin ginin da Iddrisu ke wa tuƙi, shi ma ya daɗe yana son Sanatu ba ta kula shi. Da Iddrisu ya ce ya daina kai kaya rafi, Ɗanbala ya sa ƙartai suka tare shi a bayan garejin kamfanin. Suka yi masa dukan kawo wuƙa da sandunan ƙarfe, suka ƙwace makullin tifar.

Washegari Sanatu ta hango tifar nan tana tahowa shaƙe da datti. Zuciyarta ta yanke.

"Ashe ƙarya ya yi mini," ta ce, hawaye na zuba.

Ta ruga ta kira samarin unguwa. Suka tare hanya da duwatsu da itace, ita tana gaba. Sai da motar ta matso ta ga Ɗanbala ne a kan sitiyari. Ƙartansa suka duro da adduna, wuri ya kaure. Aka fasa wa wani saurayi kai, aka hankaɗe Malam Issah ya faɗi a tsakiyar hanya. Ɗanbala bai taka birki ba.

Daga cikin taron wani ya faso yana ɗingishi, fuskarsa a kumbure. Iddrisu ne. Ya fizge tsohon gefe, tayar motar ta bi ta kan hannunsa. Ƙarar karyewar ƙashin har Sanatu ta ji.

Mutanen Nima da Maamobi suka taso gaba ɗaya. Da motar ta cije a kan duwatsun, suka jawo Ɗanbala ta taga, da kyar limamin unguwa ya ƙwace shi ya miƙa wa 'yan sanda. Daga ranar kamfanin bai ƙara aiko mota ba.

A asibiti Sanatu ta durƙusa gefen gadonsa tana kuka.

"Na zarge ka, Direbana. Ka yafe mini."

"Likita ya ce hannun ba zai ƙara riƙe sitiyari ba," ya ce a hankali. "Me zan ciyar da ke da shi?"

Malam Issah, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya share ido da hularsa.

"Ɗana, ban ruwan lambu hannu ɗaya ya ishe shi. Turo manyanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren, mata na ta guɗa har unguwar Lagos Town ana ji. Tsohon ya haɗa hannun 'yarsa da hannun angon mai lafiya, ya sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Taron duka ya amsa, "Amin!"