Gayyar Suwaiba

"Wata huɗu, Malam! Wata huɗu ba ka ɗauki ɗiyarka ba!"

Barakatu ta tare ƙofar ɗaki, jaririyar na saɓe a kafaɗarta. Mijinta Gide ya tsaya da fartanya a hannu, idonshi a ƙasa.

"Baraka, bari in tafi gona..."

"Kada ka ce mani kunyar 'yar fari ce. Ƙyamarta kake yi. In haka ne ka sallame ni in koma Ƙanƙara, gidanmu ba a rasa tabarma ba!"

Tun ranar da aka haifi Suwaiba da leɓen sama a tsage har dasashi, Barakatu ba ta huta ba. Yarinya ba ta iya kama nono, sai a tatsa a ƙoƙo a riƙa ɗiga mata, rabi ya wuce, rabi ya fito ta hanci. Matan Mairuwa da suka zo barka, wasu addu'a suka yi, wasu kallo. Duk ta jure. Shirun Gide ne ya fi ƙarfinta.

Ya ajiye fartanyar, ya zauna bakin gado.

"Ina da ƙanwa, Adama. Haka aka haife ta. Ina shekara tara Goggo ta ba ni riƙonta, ta tafi rijiya... a hannuna ta cika, Baraka. Duk na miƙa hannu ga yarinyar nan sai jikina ya ɗauki rawa."

Shekara biyu da aure, ba wanda ya taɓa ambata wa Barakatu wannan suna.

"Ai da ka faɗa mani..."

"Kin ga zuwa Funtuwa da nake yi ranar kasuwa? Wajen Malam Abdulkarim na ɗakin magani nake zuwa. Ya ce akwai likita a Zariya mai ɗinke irin wannan, kuma wasu bayin Allah sun ɗauki nauyin yara. Wata mai kamawa za a yi."

Ta durƙusa gabanshi, hawaye na zuba. Sannu a hankali ta ɗora mashi yarinyar a cinya, ta riƙe hannuwanshi da nata har rawar ta lafa.

"Ka yafe mani."

"Ke za ki yafe mani, hasken idona."

Sai dai Goggo, mahaifiyar Gide, ta ce ba da ita ba.

"Abin da Allah ya tsaga, wa ya isa ya ɗinke? Ga damina ta kankama, ubanku ba ya gani, wa zai nome dawar? Ku kai mani jika a yanka, ku bar mu da yunwa!"

Gaskiya ce, gonar nan ita ke ciyar da gidan.

Barakatu ba ta yi musu da surukarta ba. Washegari ta yafa mayafi, ta buɗe fuskar yarinyar da ta saba rufewa, ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana gaida mata, tana faɗa masu abin da ke akwai. Mata suka faɗa wa mazansu. Ranar Juma'a liman ya yi magana bayan salla.

Asabar da safe sai ga kiɗan gangar noma! Maza sun fi talatin a gonar Gide, har da mutanen Ruwan Godiya. Maharazu maƙeri ya ɗaga murya, "Ku tafi abinku! Maimai, noma na biyu, ma namu ne!"

Mata kuwa suka cika tsakar gida da guzuri, wannan ƙuli-ƙuli, waccan dakkuwa, wata tsohuwa ƙwan zabi.

Goggo ta daɗe tsaye bakin zaure. Can ta shiga ɗaki, ta fito da zanenta saƙi, ta miƙa wa Barakatu.

"Goya ta da wannan. Ki dawo mani da ita... kin ji? Ki dawo mani da ita."

Jirgin ƙasa ya kai su Zariya. Ranar aikin, Barakatu ta kasa zama, Gide na jan carbi har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an gama lafiya.

Bayan kwana goma aka cire zare. Suwaiba ta dubi uwarta, ta motsa ɗan sabon bakinta, ta yi murmushi.

Barakatu ta fashe da kuka.

"Subhanallahi! Mene ne kuma?" in ji Gide.

"Ta yi kyau, Malam, wallahi ta yi kyau... Amma waccan dariyar tata mai faɗi, na saba da ita."

Gide ya yi dariya, ƙwalla cike da idonshi.

"Ni ma, Baraka. A ɓoye nake kallonta."