Ɓarawon da Ya Zubar da Ruwan Bokiti

Da safiyar Litinin, ruwan damina na zuba, aka buga wa Sufeto Noeline Vella waya cewa an fasa gidan tarihin garinmu Bellanda.

Gidan tarihin tsohuwar tashar jirgin ƙasan ɗaukar rake ce, ɗaki uku da baranda. Tsofaffin garin ne suka kafa ƙungiya suke kula da shi kyauta. Ranar Laraba 'yan makaranta kan zo a nuna musu addunan yankan rake da hotunan kakanninsu. Sauran ranaku kuwa, gaskiya, shan shayi ya fi aiki yawa.

Sufeto ta tarar da mata biyu a baranda. Ɗaya Glenys Pratley ce, shugabar ƙungiyar, hankalinta a tashe. Ɗayar Anti Delma Santo, mai shekara saba'in da tara, tana zaune shiru da jakarta a cinya.

"Me aka ɗauka?"

"Taswira," in ji Glenys. "Ita kaɗai. Ko gwangwanin taimako ba a taɓa ba."

Kowa a garin ya san zancen taswirar nan. Kakannin su Anti Delma daga tsibirai aka kwaso su a jiragen ruwa don yankan rake, kuma wanda ya mutu a bakin gona ake binne shi, ba dutse ba suna. Wani tsohon mai wa'azi cikinsu ya zana inda aka sa kowa da fensir. Watan jiya aka tsinci zanen a wani akwatin ƙarfe da aka kawo wa ƙungiyar.

"Kun ɗauki hotonta?"

Glenys ta sunkuyar da kai. "Yau ne mai na'urar ɗaukar hoton zai zo."

"Ran Juma'a ƙaramar hukuma za ta yanke hukuncin haƙa magudanar ruwa ta wajen kaburburan," in ji Anti Delma a hankali. "In ba takarda, sun ce zancen baka ne. Kakar uwata tana can, 'yata. Shekara hamsin ina nemanta."

Sufeto ta shiga ɗakin ajiya, Glenys na biye da ita. An fasa taga ɗaya, gilashi ya watsu a ƙasa. Amma an toshe ramin da leda daga ciki, an bi ta da salatif tsaf, ko ɗigon ruwa bai shigo ba.

"Ke kika liƙe wannan?"

"A haka na same ta."

"Me ke ƙarƙashin tagar a da?"

Glenys ta waiwaya. "Teburin hotunan bukukuwan aure. Af, ga shi can an matsar da shi."

An ja teburin zuwa bango, har an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Sufeto ta daɗe tana kallonsa. Shekara ashirin tana bin ɓarayi, ba ta taɓa haɗuwa da mai tausayin hotuna ba.

"Makullai nawa ne?"

"Biyu kacal. Nawa da na Lindsay Rasmussen, mai kula da ajiya."

Sufeto ta dube ta. "Glenys, har karen mai gidan mai ya san akwai na uku a ƙarƙashin tukunyar fure."

Fuskar Glenys ta yi ja. "To, uku. Don Allah kada ki gaya wa kwamiti."

A kusurwa wata na'ura tana gurnani. Ita ce ke tsotse danshin ɗakin don kada takardu su yi funfuna, tana tara ruwan a bokiti. Sufeto ta zaro bokitin. Rabi ne.

"Kwana nawa yake yi ya cika?"

"Da damina? Yini guda. In ya cika sai ta tsaya da kanta."

"Yaushe kuka rufe?"

"Asabar da azahar."

"Yau Litinin, tana aiki, bokiti rabi. Wa ya zubar jiya?"

Daga baranda muryar Anti Delma ta shigo.

"Mutum ɗaya ne a garin nan ba ya iya wuce bokitin nan. Har tsokanarsa muke, muna cewa na'urar ce matarsa."

Sufeto ta leƙa kwandon da ake jefa safar hannun da aka yi aiki da ita. Glenys ta ce ta kwashe duka ran Asabar ta wanke. Amma ga farare guda biyu a ciki, manya, an naɗe su tare.

Gidan Lindsay Rasmussen yana ƙarshen Titin Rasmussen, wanda aka sa wa sunan mahaifinsa. Rake ya kewaye gidan ta ko'ina, ya fi mutum tsawo. Lindsay dogo ne, ya haura tamanin, ya ɗora ruwan shayi tun kafin Sufeto ta cire hula.

"Noeline. Na ji abin da ya faru. Yaran zamani ne, ba shakka."

"Ina kake jiya da rana, Malam Lindsay?"

"Kamun ƙaguwa a bakin kogi. Tun safe har yamma."

"Ka samu?"

"Biyu, ƙanana. Na mayar da su."

"Ta ina ka bi?"

"Ta gada mana. Akwai wata hanyar?"

"Gadar tana cikin ruwa tun Asabar. Ni na sa aka rufe ta."

Butar ta fara kuka. Bai tashi ba, sai Sufeto ce ta je ta kashe wutar. Daga nan ta ji wani sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwana. Lindsay, wanda duk garin ya sani ba ya kunna ko fanka don rowa, ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, shi yana zaune a falo yana gumi.

"Wa ke jin zafi a ciki?"

Ya dube ta, ya dubi ƙofar. Sai kafaɗunsa suka sauka.

"Takardar ta haura shekara ɗari," ya ce. "Danshi zai cinye ta."

Da Sufeto ta buɗe ƙofar, ga taswirar a kan gado, a cikin ma'ajinta, shimfiɗe sumul. Kusa da ita akwai ashana, da tsohon gwangwanin biskit.

"Na so in ƙona ta. Sau uku ina ƙyasta ashanar. Shekara talatin ina hana mutane taɓa takarda da hannu, ta yaya zan sa mata wuta?"

"Ka fasa taga don a ce yara ne."

"Eh."

"Sannan ka liƙe ta, ka zubar da bokiti."

"Ya cika, Noeline. Ta tsaya. Ba zan iya fita in bar ta haka ba."

"Me ya sa ka ɗauka?"

Ya buɗe gwangwanin. Bawon katantanwar teku ne a ciki, manya, farare, sun kai talatin.

"Da waɗannan suke yi wa kaburburan alama. A bayan gonarmu suke, gindin mangwaro uku. Ina ɗan shekara sha tara Baba ya ce a faɗaɗa gona. Ni na sare mangwaron. Ni na tuƙa tarakta na bi ta kansu. Na san abin da ke wurin, Baba ma ya sani." Ya rufe gwangwanin. "Kowace Laraba ina tsayawa gaban yara ina ba su labarin kirkin mahaifina. Delma tana gefe tana zuba musu lemo. Da na ga sunan gonarmu a taswirar nan, kunya ta hana ni barci."

Sufeto ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa. Shekara sittin mutumin nan yana gaisawa da Anti Delma a kasuwa, amsar da take nema tana cikin gwangwani a ɗakinsa.

"Za mu je caji ofis, Malam Lindsay. Fasa gida da sata, da ɓata mini safiya."

"Na sani."

Ta kira Glenys a waya. Kafin ta gama rubuta bayaninsa, motar Glenys ta tsaya a ƙofar gida, Anti Delma a gaba.

Lindsay ya kasa ɗaga ido. Anti Delma ta sa farar safar hannu, ta bi layukan fensir da yatsa ba tare da ta taɓa ba, har ta tsaya a kan sunan kakar uwarta.

"Leisale," ta karanta. Sannan ta juyo. "Mangwaron babu su, Lindsay. Takarda ba za ta nuna mini ƙasa ba. Kai za ka nuna mini."

Ta dubi Sufeto. Sufeto ta duba agogo, ta mayar da ankwar da ta fiddo cikin aljihu.

Suka bi ta tsakanin rake cikin yayyafi, taɓo na kama takalma. Lindsay na gaba rungume da gwangwanin. A wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba ya tsaya.

"Nan mangwaro na biyu yake. Leisale tana taku huɗu gabas."

Ya miƙa mata gwangwanin. Ta karɓa, ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba.

"Ran Juma'a za ka faɗi wannan a gaban hukuma," ta ce. "Ran Laraba kuma a gaban yara."

"Zan faɗa."

Sufeto ta kama hannunsa suka juya zuwa mota. Da suka ɗan yi nisa ta waiwaya. Anti Delma ta yi taku huɗu, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye bawo ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kaka," ta ce, "ni ce Delma, jikar 'yarki Ruby. Yi haƙuri, na daɗe a hanya."