Jini a Burtalin Tungar Maliki

Sufeto Halliru na 'yan dokan En'e yana shan fura da walaha a zauren ofis a Sabon Birni, sai ga wani mahayi ya shigo a sukwane, dokinsa na zubar da kumfa. Zamanin mulkin Turawa ne, ƙarshen bazara, kowa na duban gabas yana jiran ruwan shuka.

"Ranka shi daɗe, an kashe Sarkin Noma Labbo a Tungar Maliki. In ba a yi hanzari ba, za a ƙara wata gawa kamin la'asar."

Halliru ya ajiye ludayi. Ya san Labbo. Bayan yunwar da aka sha shekara uku da suka wuce, tsohon ne ya dage cewa jigawar Tunga ta gaji, ba abin da zai tashe ta sai taki. Shi ya taka har rugar wani Bafillace mai suna Sodangi, ya shawo kansa suka riƙa sauke shanu a gonakin gari da rani, ana zagayawa gona bayan gona. Su kuma aka yi masu alkawarin buɗe tsohon burtali, hanyar shanu zuwa gulbi, wadda gonaki suka daɗe da cinyewa. Kaka biyu a jere rumbuna suka cika. Saura cika alkawari.

Ya ɗauki Kofur Lawwali suka hau dawaki, suka bi ta bayan Tsamaye.

Tun daga nesa suka hango hayaƙi. An ƙone bukka biyu a rugar. Shanu uku na kwance an datse masu agara, suna ƙoƙarin tashi suna faɗuwa. A gindin gawo an ɗaure Sodangi da igiyar guga, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, jini na bin gemunsa. Maza kusan talatin sun kewaye shi da gatura da sanduna. Wani ƙato ya ɗaga taɓarya.

Halliru ya tura dokinsa cikin taron, ya zuba wa ƙaton bulala a wuyan hannu. Taɓaryar ta faɗi.

"Duk wanda ya sake taɓa shi, da shi za ni Sakkwato cikin ankwa. Ina Maigari?"

Wani dattijo ya matso. "Ga ni, ranka shi daɗe. Na hana, ba su ji ba."

"Kai ni wurin gawa. Kofur, kwance wannan, ka tsaya kansa."

Labbo na kwance rub da ciki a bakin tsohon burtalin, an lulluɓe shi da zana. Halliru ya durƙusa ya yaye ta. An tsaga masa ƙeya, tsaga ɗaya, miƙaƙƙiya, faɗin yatsa huɗu. Kusa da kansa ga wata sandar kiwo mai zoben fata.

"Sandar Sodangi ce, kowa ya san ta," in ji Maigari.

Halliru ya ɗaga ta ya juya. A kan jinin take kwance, amma ko ɗigo bai kama ta ba. Jinin ya riga ya sha ƙasa ya bushe kafin a ajiye ta. Kuma sanda farfasa kai take yi, ba ta yanka.

Ya miƙe ya dubi gaba. Rassan aguwa ne, itacen shinge, warwatse a ƙasa, sun fi hamsin, farin nononsu ya daskare a bakin karaya.

"Waɗannan fa?"

"Su marigayi ke dasawa tun asuba, don shatar burtali. Gona huɗu layin ya ratsa, har da tawa. Sai munka iske an tumɓuke su duka."

"Wa ya fara ganin gawar?"

"Atiku, ɗan ƙanwarsa. Shi ya yi kururuwa, shi ya nuna muna sandar."

Halliru ya koma gindin gawo. An ba Sodangi ruwa, yana zaune ya dafe haƙarƙari.

"Sandarka ce?"

"Tawa ce."

"Yaya ta je can?"

"Ta ɓace mini a daji. Kwana uku."

"Bafillace ya yar da sandarsa a daji, ya kwana uku bai nema ba? Sodangi, igiyar rataya ce ke jiranka. Faɗa mini gaskiya."

Sodangi ya kawar da kai.

Wata mata da ke tsince ƙorai cikin toka ta taso. Hajjo ce, matarsa. Ba ta dubi mijin ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba.

"Yallaɓai, kunya ce ta rufe masa baki. Jiya a bakin rijiya ɗan gidan Labbo ya tare shi, ya ce shanunmu ba za su taka gonarsa ba ko sama za ta faɗo. Ya fizge sandar a gaban mata masu ɗiban ruwa, ya tafi da ita. A wurinmu namijin da aka ƙwace wa sanda gara a ce ya mutu."

"Da asubar yau mijinki yana ina?"

"Yana riƙe mini maraƙi ina tatsa. Har rana ta fito bai ɗaga ba."

Sodangi ya ce da ita wata magana da Fillanci, a hankali. Ta mayar masa da Hausa: "Ka yi fushi kana da rai."

Sun sami Atiku a ƙofar gidansa, mutane na yi masa gaisuwar mutuwa. Mutum ne dogo, shekarunsa kamar talatin da biyar, idanunsa jajaye. Farar riga ce a jikinsa, irin ta zuwa Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce. A kan danga an shanya wata taguwar aiki, tana ɗiga.

"Allah ya jiƙan kawunka," in ji Halliru.

"Amin, ranka shi daɗe. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami."

"Jiya ka ƙwace sandar Sodangi?"

"Mun yi cacar baki. Amma nan take na jefar da ita bakin rijiya. Shi ya koma ya ɗauka."

"Da asuba kana ina?"

"Gida, ina gyaran jinkar rumbu. Sai da hantsi na fita in taya Kawu, na iske abin da na iske."

"Ka taɓa aguwar?"

"Ban taɓa ba. Ina na ga hankalin taɓa aguwa?"

Halliru ya nufi dangar, ya ɗauko taguwar ya baza. An wanke ta da toka, amma gabanta da hannuwanta duk ɗigo-ɗigon baƙi ne masu danƙo. Nonon aguwa in ya kama tufa ya sha ƙasa, wanki ba ya fitar da shi.

"Wannan tun bara ne," in ji Atiku.

"Na bara ba ya liƙe wa yatsa. Kofur, shiga ka ɗauko mini sunguminsa."

Lawwali ya fito da sungumi, doguwar fartanyar da ake sarar ramin shuka da ita. An goge ruwan ƙarfen da yashi har yana ƙyalli. Faɗinsa yatsa huɗu. A jikin ƙotar kuwa ga shatar tafin hannu, baƙa, mai danƙo.

"Ba a yi ruwa ba, ba wanda ya fara shuka. Me ka sara da shi har ya buƙaci wanki?"

Masu gaisuwa suka fara ja da baya.

Halliru ya buga ƙotar a jikin turmi sau biyu, ƙarfen ya ɗan zame. Daga cikin ramin da tsinin ƙarfen ke shiga itace, inda yashi bai kai ba, jini ya ɓullo, baƙi-baƙi, bai gama bushewa ba.

Kafin ya ɗago, Atiku ya yi kukan kura ya fizge sungumin. Ya kai sara. Lawwali ya tare da hannu, aka ji ƙashi ya karye. Sara na biyu ya yage kafaɗar Halliru, jini ya jiƙa masa kaki. Halliru ya shige jikinsa, inda dogon makami ba ya aiki, ya soka masa kan kulki a ciki, ya ƙara masa a gwiwa. Suka faɗi tare a kan turmin. Atiku ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu yana shaƙewa, sai da Lawwali ya rafka masa taɓarya a gadon baya da hannunsa mai lafiya ya saki. Halliru ya murɗe hannuwansa ta baya, ya danna ankwa.

Atiku na kwance, baki cike da ƙasa da jini, ya fara magana ba wanda ya tambaye shi.

"Shekarar yunwa ɗiyana biyu na binne cikin mako ɗaya. Duk gonata ba inda ke ba da gero sai yankin nan na burtali. Shi ya ciyar da sauran. Na roƙi Kawu shi karkata layin, ya ce da gonar ɗan'uwansa zai fara, don kada a ce ya yi son kai. Da asuba na bi shi ina tumɓuke abin da ya dasa. Ya ce mini, 'Ka tumɓuke, gobe za ni sake dasawa.' Ya duƙa ya ci gaba. Sai na sara shi."

"Sandar fa?"

"Daga baya na koma gida na ɗauko ta. Na ce in an kore su, ba sauran maganar burtali."

Ƙaton da ya ɗaga wa Sodangi taɓarya ya sunkuyar da kai.

Halliru ya ɗaure kafaɗarsa da rawanin Maigari, ya sa aka ɗaure wa Lawwali hannu da kara. Ya ce kafin ya dawo ranar Litinin a tayar da bukkokin da aka ƙone, kuma duk wanda ya taɓa saniya ya shirya tsayawa gaban alƙali.

Aka ɗaure Atiku a bayan doki. Hanyar fita gari ta bi ta gefen gonarsa. Da suka zo daidai yankin burtalin ya ja ya tsaya, yana kallon ƙasar. Baƙa ce, mai laushi, ta bambanta da farin yashin da ke kewaye da ita.

"Dubi, ranka shi daɗe," in ji shi. "Duk Tunga ba ƙasa kamar wagga. Kai za ka ba shanu ita?"

Halliru ya dube shi daga kan doki.

"Ka taɓa tambayar kanka me ya baƙanta ta? Tun kafin a haifi kakanka shanu ke bin ta suna zuba mata kashi. Abin da kawunka ya so ya yi wa sauran gonarka ke nan."

Lawwali ya ja igiya, suka kama hanyar Sabon Birni.